Dajin da Baba Ya Auna

Asabar, da yamma

Mun dawo. Kowa ya dawo, da wannan zan fara. Malama ce kawai aka wuce da ita asibiti saboda ƙafarta.

Baba ya ɓatar da mu a daji.

Na rubuta, na zauna ina kallon rubutun kamar wani ne ya yi shi. Mutumin da ya yi aikin safiyo har ya yi ritaya, wanda shi da hannunsa ya auna iyakar dajin nan tun ina goye. Shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto. Kowace Asabar shi ne a gaba da malafarsa da sandarsa, mu kuma muna biye da shi kamar 'yan tsaki. Ba ya duba taswira. In wani ya zaro waya zai duba hanya sai ya ce, "Mayar da ita aljihu, kar ka ba ni kunya a gaban itatuwa."

Lafiya lau muka shiga da safe. Raɓa ba ta bushe ba, duk saƙar gizo-gizo ta yi ado, kowa ya durƙusa yana ɗauka. Mai Biredi, wanda ke kai mu a motarsa ta rabon biredi, ya kwanta rub da ciki yana ɗaukar naman kaza, yana cewa in hoton bai yi kyau ba sai ya tsinke shi ya huce a tukunya. Muka ƙetare gadar katako, muka kai mararrabar da ake bin hagu a sauka bakin rafi. Baba ya bi dama. Muka bi shi. Wa zai gyara wa Baba Safiyo hanya a dajin nan?

Mun yi ta tafiya har rana ta take tsaka. Hanya ta yi ta ƙanƙancewa, ta koma ta dabbobi, daga nan ta ɓace. Ruwan gorunanmu ya ƙare. Sai Dakta, likitan haƙorin da ke cikinmu, ya matsa kusa da shi ya ce, "Baba, anya nan ne kuwa?"

Baba ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Sai ya neme ni da ido ya ce a hankali, "Auta, wa ya kawo mu nan?"

Mai Biredi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Shi kaɗai ya yi.

Wayar Dakta ce ta fitar da mu. A wani gangare Malama ta zame, na ji ƙarar ƙafar da kunnena. Tsohuwar malamar lissafi ce, ta kusa sa'ar Baba, amma ko ihu ba ta yi ba, cewa kawai ta yi a karɓi kyamararta kar ta bugu. Dakta da Mai Biredi suka yi ta ɗaukarta kama-kama har bakin titi. Baba yana bayana, yana riƙe da igiyar jakata.

Baba a baya.

Lahadi, da safe

Ya tashi garau. Ya haɗa mana shayi kamar kullum, ya ce jiya rana ce ta buge shi. Na ce haka ne. Yanzu yana falo ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur yana goge gilasan kyamara ɗaya bayan ɗaya. Bai ambaci Malama ba.

Rana ce. Kowa rana tana bugunsa.

Lahadi, bayan azahar

Karaya ce. An naɗe wa Malama ƙafar har gwiwa.

Litinin, da hantsi, a kanti

Babu masu sayen magani sosai yau, ina zaune bayan kanta ina duba waya. A guruf ɗin ƙungiya, zauren hirarmu na waya, kowa ya saka hotunansa na shekaranjiya: raɓa, naman kaza, wani kurege da Dakta ya kama yana hamma. Ana ta yabo. Babu wanda ya ce komai game da abin da ya biyo bayan gada. Da ma sun zage shi da ya fi mini sauƙi.

Dakta ya kira.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Gajiya ce."

Ina jin ƙarar injin haƙori a ɗakin da ke kusa da shi. Sai ya ce, "Ni dai haƙori na sani, ƙanwata. Amma ki kai shi a duba shi. Kar ki bari a ja lokaci."

Na ce to. Na ajiye wayar na ba wata mata maganin tari, ta ce ai na ciwon ciki ta nema. Na ba ta haƙuri.

Talata, da yamma

Na kira Yaya. Yana can garin da yake aiki, tafiyar wuni guda daga nan. Na faɗa masa komai, ya ce, "Tsufa ne, Auta. Ke ma kin cika sa abu a rai. Tun da Umma ta rasu kike kallonsa kamar ƙwai a cokali."

Na ji daɗin maganar. Na so ya sake faɗa.

Laraba, da safe

Baba ya yi aski ya fito. Gefen dama na fuskarsa sumul, gefen hagu gemu na nan yadda yake. Na ce, "Baba, sabon yayi ne?" Ya shafa kuncinsa na dama ya ce, "Me ya faru?" Na ɗauko reza na ƙarasa masa. Ya zauna shiru kamar yaro a gaban wanzami.

Ya yi amai kafin karyawa. Ya ce kansa ne ke sarawa, ya kwana biyu yana yi masa haka da safe.

Ya kwana biyu. Ni kuma ina gidan.

Alhamis, bayan la'asar

Na zuba hotunansa na Asabar a kwamfuta don in saka masa a guruf, tunda shi bai iya ba. Ban saka ba.

Baba, wanda in ka kawo masa hoto ya karkace kaɗan sai ya karkatar da kai yana kallonka har ka ji kunya. Duk hotunan nan an yanke su. Rabin fure. Rabin kututture. Mai Biredi da kunne ɗaya. Komai ya taru a dama, hagu kamar ba a halicce shi ba.

Da muna cin abinci na lura. Ya cinye na gefen dama, ya ture faranti ya ce ya ƙare. Na juya farantin. Ya ce, "Kin ƙara mini? Allah ya yi miki albarka."

A mararrabar nan, hanyar rafi tana hagu.

Juma'a, da yamma

Ya sa batir a caji, ya wanke gorar ruwa, ya fito da takalman daji ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce in tuna wa Mai Biredi ya zo da wuri, yana so mu riski hasken safe a bakin rafi.

Na ce an ɗage. An ce gobe za a yi ruwa.

"Wa ya ɗage?"

"Kowa da kowa, Baba."

"Ba a tambaye ni ba."

Ya mayar da takalman ƙarƙashin gado da kansa.

Asabar, da hantsi

Ko gajimare ɗaya babu. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon sama, ya shigo bai dube ni ba.

Asabar, da yamma

Mai Biredi ya biyo ya kawo mana biredi mai zafi, takalmansa duk laka. Na dubi takalman, ya ga na duba.

"Mun ɗan leƙa ne kawai," ya ce. "Dakta ne a gaba. Da waya. Wallahi ba daɗi, kamar makaho na jan makafi."

"Ban ga an yi magana a guruf ba."

Ya sosa ƙeya. Ashe sun buɗe wani guruf ɗin. Ya ce ba don komai ba, don kar Baba ya gani ransa ya ɓaci. Na ce sun kyauta. Kuma sun kyauta ɗin. Ni ma abin da na yi ke nan jiya. To me ya sa na ji kamar in jefe shi da biredinsa?

Ya tambayi jiki. Na ce da sauƙi.

Litinin, da rana

Asibiti. Dogon benci, bango mai launin ruwan toka, fanka ɗaya da ke juyi kamar an tilasta mata. Likitan farko ya sa shi ya zana agogo a takarda. Baba ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ni taswirar gari nake zanawa." Ya zana da'ira mai kyau, cif, ba tare da komai ba. Sai ya cusa duk lambobin a gefe ɗaya.

Likitan ya ajiye biro. Ya ce a yi hoton kai, yau ɗin nan in da hali.

Laraba, da yamma

An ba mu hoton. Babban likita ya maƙala shi a jikin allo mai fitila. Baba ya tashi ya matsa kusa, ya sa hannu a baya, ya karkatar da kai.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Na'ura ce, Baba."

"Shi ya sa. Haske ya yi yawa a nan." Ya ɗora yatsa daidai kan farin abin da ke gefen dama. "Ya ƙone wurin gaba ɗaya. A sake ɗauka."

Likitan ya yi dariya kaɗan don ya taya shi. Sannan ya ce nas ta kai Baba a gwada jininsa, ni in tsaya.

Ya yi magana mai tsawo. Ya zana mini abu a takarda. Ya ce wurin da abin yake zaune wuƙa ba ta isa. Ya faɗi sunansa. Na san sunan, na sha ganinsa a takardun mutane.

Ba zan rubuta ba.

A mota Baba ya ce, "Me ya ce?" Na ce ya ce ka rage shiga rana.

Alhamis, da safe

Ban je aiki ba.

Alhamis, bayan azahar

Na je. Da hannuna na sauko da magungunan daga kanta, na jera su. Mai kantin ya karɓi takardar ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in tafi gida. Na ce gara in tsaya.

Na san magungunan nan. Na san irin mutanen da ke zuwa saye. Da farko mai ciwon ne ke zuwa da ƙafarsa, yana wasa da ni. Daga baya sai ɗansa ko matarsa. Daga baya sai in ga na daina ganinsu, kwalin yana nan a kanta babu mai tambaya.

Juma'a, da hantsi

Na faɗa wa Yaya. Wannan karon bai ce tsufa ba ne. Ya ce zai taho.

Juma'a, da yamma

Takalma a bakin ƙofa. Na ce motar Mai Biredi ce ta lalace.

Lahadi, bayan la'asar

Baba ne ya matsa sai mun je gaida Malama, ya ji a bakin Mai Biredi cewa tana kwance. Muka same ta a falo, ƙafar a kan matashi, littattafai a gefe, kyamararta a cinya tana ɗaukar tsuntsayen da ke sauka a taga.

Baba ya tsaya a ƙofa yana kallonta. Sai da ta yi magana sannan fuskarsa ta saki.

"Au, Malama, ke ce. Subhanallahi. Garin yaya?"

Malama ta dube ni sau ɗaya, ta dube shi.

"Santsin banɗaki ne, Safiyo. Tsufa ba ya sallama."

"To ki riƙa kula. Ki yi sauri ki warke, daji na jiranki."

"In sha Allahu."

Suka yi ta hira a kan wata mujiya da suka shekara suna nema ba su samu ba. Ya tuna ramin itacen, ya tuna launin idonta, ya tuna Malama ta yi atishawa ta tashe ta. Suka yi dariya har ya share hawaye. Na zauna ina cewa a raina, ga shi nan, lafiyarsa ƙalau, likitoci ma suna kuskure.

Da za mu fita ya buge kafaɗarsa ta hagu da ƙofa. Ya juya ya ba ƙofar haƙuri.

Malama ta riƙe hannuna ta ce, "Ya jikin?" Na buɗe baki zan faɗi abin da na saba. Ta ce, "A'a. Ban da ni."

Na durƙusa a gefen kujerarta. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Talata, da yamma

Yaya ya iso. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce in kawo wa bawan Allah ruwa. Sai da Yaya ya ce, "Baba, ni ne," ya ƙara magana, sannan ya gane muryar.

"Kai ne ka yi ƙiba haka?"

Yaya ya yi dariya, ya shiga banɗaki ya daɗe.

Laraba, da safe

A kicin muka yi, murya ƙasa-ƙasa, ruwa na zuba a famfo don kar ya ji.

"Zan tafi da shi," in ji Yaya. "Can akwai babban asibiti. Matata, antinki, tana gida wuni, ga yara. Ke kina fita aiki, wa zai zauna da shi?"

"Zan bar aikin."

"Ki bar aiki ki ɗaga shi ke kaɗai? Ki yi masa wanka? Kin san abin da ke gaba, kin fi ni sani."

"Nan ne gidansa, Yaya. Nan ya san inda komai yake."

"Ya sani?"

Na rufe famfon.

Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan, Baba bai taɓa tambayata me ya faru ba. Kyamara ya miƙo mini wata Asabar ya ce in sa takalmi. Wata guda ina bin su ina ɗaukar ƙasa da ƙafafun mutane, bai ce komai ba, har ranar da na ɗaga kai da kaina. Yanzu a ce in naɗe masa kaya.

Na ce ba inda zai je.

Alhamis, da rana

Ba inda zai je.

Juma'a, da yamma

Yaya ya fita sayo masa kujerar wanka, ni ina kanti. Maƙwabciyarmu ta kira ni. Ta ce ta leƙo ta ga Baba a layi da jakar kyamara a kafaɗa, yana kai da kawowa. Ya wuce ƙofarmu, ya dawo, ya sake wucewa. Rana tana dukansa. Da ta je ta kama hannunsa sai ya ce, "Baiwar Allah, ko kin san gidan wani mai aikin safiyo a nan unguwar?"

Na same shi a falonta yana shan ruwa. Wandonsa a jiƙe. Ta rufa masa zani a cinya, ta yi kamar ba ta gani ba. Allah ya saka mata.

Yaya bai ce mini komai ba. Da ma ya ce.

Asabar, da safe

Bai fito da takalma ba jiya. Bai san yau Asabar ba ce. Na ɗauka zan ji sauƙi.

Litinin, bayan la'asar

Na ce wa Yaya to.

Laraba, da hantsi

Yau ya tashi kamar Baba na da. Maganin yakan yi haka, yana sassauta kumburi na ɗan lokaci, na sani, amma duk da haka. Ya kira ni ɗakinsa ya ce in zauna ta damansa inda zai gan ni.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ruwa bai sauka ba ranar nan. Motar Mai Biredi kuma lafiyarta ƙalau, na ji ƙararta ta wuce."

Na sunkuyar da kai.

"Ba faɗa zan yi ba. Na san akwai abin da kuke riƙe da shi ke da yayanki. Ku riƙe abinku, ba na so. Na ga akwati a saman gado, ban tambaya ba." Ya murza zoben gilashin kyamara. "Asabar ɗaya nake so. Ni a gaba."

Na ce sai na tambayi likita. Ya ce, "Likita ya taɓa zuwa bakin rafin?"

Laraba, da yamma

Na rubuta a tsohon guruf, wanda yake ciki. Kafin in ajiye waya Dakta ya amsa. Mai Biredi ya ce zai wanke mota, abin da bai taɓa yi ba. Malama ta ce ko a kan kai ne sai an ɗauke ta.

Yaya ya ce hauka ne. Daga baya ya tambaye ni ko akwai takalmin da zai yi masa.

Juma'a, da yamma

Ni na fito da takalman. Ya tambaye ni na waye.

Ya Allah, gobe kawai.

Asabar, da yamma

Kowa ya zo, har waɗanda suka daɗe ba su zuwa. Aka ajiye wa Malama kujera a bakin daji, sandunanta a gefe. Da Baba ya sauko daga mota duk suka gaishe shi, kowa yana faɗin ko shi waye a cikin gaisuwar, kamar wasa. Dakta ne ya tsara musu haka.

Ya sa malafa, ya karɓi sanda, ya shiga gaba. Dakta ya tsaya a kafaɗarsa ta hagu, ni a dama, Yaya a baya da takalman da suka matse shi. Da farko tafiyar ta yi kyau. Ya nuna wa wata sabuwar 'yar ƙungiya yadda za ta juya wa rana baya. Ya ce wa Mai Biredi ya rage surutu yana korar tsuntsaye, Mai Biredi ya ce, "Alhamdu lillahi, an dawo zagina." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi.

Ba mu kai gada ba.

Tafiyarsa ta fara ja. Ƙafar hagu tana shara a ƙasa. Ya tsaya a gefen wani itace da ya faɗi, muka zaunar da shi. Sauran suka bazu kusa-kusa suna ɗaukar abin da suka samu, don kar a tsaya a kansa ana kallo. Haske yana saukowa ta tsakanin ganye, irin wanda yakan tashe mu da asuba dominsa. Na cire murfin kyamararsa na ɗora masa a hannu.

Ya riƙe ta a cinya. Ya daɗe yana kallon mutanen, wannan a durƙushe, wancan a kwance, wata ta ɗaga kai sama.

"Su waye waɗannan?"

"Mutanenka ne, Baba. 'Yan ƙungiya."

"Me suka yar suke nema?"

"Hoto suke ɗauka."

Ya duba gabansa, ya duba sama, da gaske yana neman abin. Sai ya ce, "Hoton me? Ai ba komai a nan sai itatuwa."

Dakta yana kusa, ya ji. Ya ɗaga kyamara ya rufe fuskarsa da ita, ya daɗe a haka bai danna ba.

Baba ya ce sanyi yake ji, a mayar da shi. Yaya ya goya shi. Ban san ya yi rashin nauyi haka ba, Yaya ko nishi bai yi ba. Muka fito a jere. Malama ta hango mu daga nesa, ta sauke kyamarar da ta ɗaga don ta ɗauki fitowarmu.

Mai Biredi bai kunna rediyo ba a hanya.

Lahadi, da rana

Ina naɗe kaya. Riguna, magunguna da yadda ake shan kowanne, reza. Na kira Anti na faɗa mata ta riƙa juya masa faranti, ta riƙa zama ta damansa, ta yi magana kafin ta shiga ɗaki. Ta ce to, to, kar in damu. Mace ce mai kirki. Na tsane ta yau, gobe zan daina.

Yaya ya ce in riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Mai kantin ya ce in ɗauki hutu duk lokacin da na so. Kowa yana da kirki.

Lahadi, da yamma

Ya yi barci wuni. Na zauna a gefensa. Babu abin rubutawa.

Litinin, da hantsi

Sun tafi.

Mun kwantar da kujerar gaba, muka sa masa matashi. Bai yi gardama ba, bai tambayi inda za a je ba. Na ɗaura masa bel, na gyara masa hula. Na zagaya ta tagar da yake, na sunkuya daidai inda zai gan ni, na ce, "Baba, sai na zo."

Na yi magana da ƙarfi don ya ji muryar. Injin mota yana ƙara, wataƙila shi ya danne ta.

Ya dube ni da fara'a sosai. Ya ɗaga hannu.

"Mun gode, 'yan mata. Allah ya saka da alheri. Ki gaida mutanen gida."

Yaya ya riƙe sitiyari, yana kallon gaba.

Na ce, "Za su ji."

Na tsaya har suka sha kwana. Sannan na shiga, na rufe ƙofa.